Ƙofar Kaka Moza

Tun daga Maskat Kaka Moza take ba mu kwatance, kuma tun daga Maskat babu wanda ya gane. Ni ke tuƙi, Baba Halfan na gefena da waya a hannu, ita tana baya da sandarta a cinya.

"In kun wuce tsohuwar ganuwa sai kwari, in kun haye kwari sai kurna mai reshe biyu. Gidanmu na bayanta."

"Inna, ganuwa nawa ce a bakin tekun nan?" in ji Baba. "Mun wuce huɗu fa."

"To ai ba su ba ne."

Dalilin tafiyar bai da tsawo. An shafa wa gidajen Subaihiyya, ƙauyen su Kaka, jan lamba, ranar Lahadi za a rushe su saboda sabon titi. Idon Kaka kuma kullum ƙara dushewa yake. Ta ce tana so ta ga gidan da aka haife ta, ta dafa ƙofarsa, kafin ko gidan ko idon ya riga tafiya. Ranar Asabar ce, saura kwana ɗaya.

Taswirar waya ta kai mu Subaihiyya da hantsi. Gidaje farare sababbi ƙal, a jere kamar haƙora, teku kuwa ko ƙamshinsa babu.

"Ba nan ba ne, Asila," in ji Kaka. "Ina warin kifi?"

Muka tsaya tambaya gidan wani dattijo mai suna Mubarak. Kun dai san halinmu, ba a tambayar hanya a tsaye. Aka ja Baba ɗakin maza, mu aka yi ciki da mu. Matar gidan ta zaunar da Kaka kan wani benci na tsohon katako a tsakar gida, ta kawo dabino da gahawa.

"Akwai labari?"

"Babu, sai alheri," in ji Kaka. "Ku fa?"

"Babu."

Haka ake cewa ko da gidanka ne ke ci da wuta. Na kaɗa kofina tun a na biyu alamar na ƙoshi, ina ta duban agogo. Kaka kuwa tana ta shafa bencin da tafin hannu. Na ɗauka gajiya ce.

Baba ya fito yana murna. "Subaihiyya biyu ce ashe! An taso mutanen zuwa nan, suka taho da sunan garinsu. Tsohuwar tana bakin ruwa."

"Ta ina?"

Ya sosa ƙeya. Wai hira ta yi daɗi, ya ji kamar an ce dama. Wallahi na ji kamar in sauke shi a nan.

Muka bi dama. Gonakin dabino, rabinsu gishiri ya ƙone su, awaki a tsakiyar hanya ba su da niyyar matsawa. A ƙauye na gaba wani mai gyaran koma ya ce mun wuce ta. Kafin ya faɗa sai da muka sha gahawa. Muka juya. A na gaba kuma, bayan wata gahawar da alewa, aka nuna mana hanyar da muka baro da safe, don shi mutumin sabuwar ya ɗauka muke nema.

"Baba, don Allah ka riƙa cewa tsohuwar!"

"Ke da kika iya, me ya hana ki shiga ɗakin mazan?"

Kaka ta yi dariya har da tari. Abin ya ba ni mamaki, don ita ya kamata ta fi kowa damuwa. Sai ma ta sa muka tsaya ta sayi busasshen kifi, ta ce in zuge gilashi iska ta shigo, ta shiga ba mu labarin ranar da Baba yana yaro ya faɗa kwandon kifin sardin.

Bayan la'asar muka ga kurnar, da reshenta biyu. Bayanta babu komai sai tarin ƙasa da duwatsu, da sawun katafila har bakin ruwa. Masu rusau ba su jira Lahadi ba.

Baba ya ja ni gefe.

"Ga wancan gidan can bai faɗi ba. Mu kai ta, mu ce shi ne. Ai ba ta gani sosai."

"Ƙarya za mu yi mata?"

"To ke faɗa mata."

Na kasa. Muka riƙo ta har ƙofar gidan mutanen da ba mu sani ba. Baba ya ce, "Inna, ga shi mun iso."

Ko hannu ba ta ɗaga ba.

"Halfan, tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba. Ƙofar gidanmu ai a kanta na sha gahawa da safe."

Muka dubi juna.

"Bencin nan na gidan Mubarak. Akwai ƙuna a gefensa, ni na yi ta da kaskon turare ina 'yar shekara bakwai, na sha duka a kanta. Ina dafawa na gane. Ba a cire ƙofa gida na tsaye."

"Inna! Kika bar mu muna ta yawo tun safe? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"An tambaye ni labari a gidan mutane, in ce musu me?" Ta gyara mayafinta. "Kuma da na faɗa, da ka sa an juya mota mun koma Maskat kafin azahar. Shekara goma sha ɗaya rabon da ka zauna da ni wuni guda."

Ni dai kuka ya ƙwace mini, ban ma ɓoye ba.

Kaka ta miƙa masa hannu. "Kai ni bakin ruwa. Shi dai na san ba su ɗauke shi ba."

Ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa ya tuɓe mata nata.