Tashin Inna a Motar Gida Huɗu

Motar ba ta Auta ita kaɗai ba ce. Gida huɗu suka haɗu suka saye ta: Auta da mijinta, da Baba Tela mai shago a ƙasan benen, da Sista mai aiki a asibiti, da Malam mai koyar da lissafi. Duk a bene ɗaya suke haya, kuma babu mai tafiya nesa a cikinsu, daga kasuwa sai makaranta sai asibiti. Makullin yana rataye a ƙusa bayan ƙofar shagon Baba Tela. Wanda lokacinsa ya zo ya ɗauka, in ya gama ya mayar.

Safiyar Asabar ta Auta ce. Da tsakar rana motar za ta koma hannun Sista, don tana da aikin rana. A wannan ɗan tsakanin ne Auta ta ƙudurta za ta kwaso mahaifiyarta da kayanta.

Inna tana zaune ita kaɗai a wani tsohon gidan haya a bayan kasuwa, tun rasuwar mahaifin Auta. Mai gidan ya ce zai rushe ya yi shaguna, ga shi Inna ta faɗi a banɗaki har gwiwarta ta kumbura. Yaya, babban wan Auta, ya bugo waya daga inda yake aiki ya ce a mayar da ita wajen Auta. Auta ta share ɗakin da ke kusa da falo, ta sa labule, ta yi kwana da kwanaki tana jiran ranar.

"Kin yi sammako," in ji Baba Tela, yana miƙa mata makullin, allura a bakinsa. "Tun da ta bayan kasuwa za ki bi, ajiye mini wannan ƙunshin wajen mai guga."

"Baba, yau fa a matse nake."

"Ai kan hanya ne. Ko tsayawa ba sai kin yi ba, ki jefa masa ta taga."

Ta karɓa. Da ta buɗe motar ta tarar da littattafan ɗaliban Malam jibge a kujerar baya, kujerar direba kuma an tura ta can baya, don Malam dogo ne. Ta ja tsaki, ta kwashe littattafan ta kai shago, ta jawo kujerar, ta gyara madubi. Kafin ta fita layin ta riga ta fara gumi.

Ta sami Inna zaune kan 'yar kujerarta a tsakar gida, tana tsince wani tsohon zare daga bakin zane. Babu ko ƙulli ɗaya a ɗaure.

"Inna! Ba mun yi da ke za ki haɗa kaya tun jiya ba?"

"Sannu da zuwa ita ce farko," in ji Inna. "Kin karya kuwa?"

"Ina kwana, Inna. Na karya. Ina akwatunan?"

"Suna inda suke. Fara da tukwanen, su ne ba sa gardama."

Auta ta shiga kicin ta fara kwasa. Tukwane, kwanoni, turmi, wani murfi da tukunyarsa ta ɓace tun tana 'yar makaranta. Ta ɗaga shi ta ce a yar, Inna ta ce a'a, yana da amfani. Ta cika but ɗin motar, ta cika kujerar baya, ta bar gaba.

"Taso mu tafi, na dawo na kwashi sauran."

"In tafi in bar gida a buɗe? Je ki ki dawo. Ai kusa ne."

Kusa ne, amma danjar bakin kasuwa ta tsayar da ita, wani mai kura ya tare hanya da buhuna, tukwane suna ta ƙara a baya duk ramin da ta faɗa. Sai da ta isa gida ta ga ƙunshin Baba Tela yana nan a ƙarƙashin kujera. Ta tura shi ciki da ƙafa don kada ya hango. Ta sauke kaya a bakin matakala, ta kira yaranta su shigar, ta juya.

Karo na biyu ta tarar Inna ta buɗe akwati ɗaya, ta zazzage shi a kan tabarma, tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya.

"Kin gane wannan rigar? Ta Yayanki ce, ranar da ya fara makaranta."

"Inna, don Allah, a can kya duba."

"A can ina zan baje? Ɗakin naki kamar akwatin ashana."

Auta ta koma kan aikinta. Ta naɗe katifa, ta ɗaure da igiyar shanya, ta tura ta ta ƙofar baya har ta danne madubi. Ta ɗauko rediyon marigayi mahaifinta, da fitila, da buhun tsummokara. Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"Ya ake ciki? Kun isa?"

"Ko takalmi ba ta sa ba, Yaya."

"Ki bi ta a hankali mana. Ke matsalarki gaggawa."

"To ka zo ka bi ta a hankalin," ta ce, ta kashe.

A hanya ta jefa wa mai guga ƙunshin, ya bi ta da kira yana tambayar na wane ne, ba ta tsaya ba. Idonta yana kan titi, rabin hankalinta yana kan agogon motar, wanda Malam ya sa shi gaba da gangan don kowa ya riƙa dawowa da wuri. Ta san yana gaba, amma duk kallon da ta yi masa sai ta ƙara gudu.

Da ta dawo karo na uku rana ta yi sama. Ɗakin Inna ya zama wayam, sai tabon gado a ƙasa da ƙusoshi a bango. Inna tana ciki tana shara, tana ɗingisa ƙafa.

"Inna, gidan da za a rushe kike sharewa?"

"Ba zan bar wa mutane datti su ce ƙazama ta zauna a nan ba."

Ta gama shara, ta ce sai ta yi sallama da maƙwabciyarta. Ta shiga, Auta tana jiyo su ta katanga suna zancen ciwon ƙafa da man da ya fi. Auta ta fita ta tayar da mota, ta kashe. Ta dawo ta tsaya a ƙofa. Ta sake fita. Wayar ta yi ƙara, ta ga Sista ce, ta ƙi ɗauka, ta rubuta mata: ga ni nan zuwa.

Inna ta fito, ta koma kan 'yar kujerarta, wadda ita kaɗai ta rage a tsakar gidan, ta zauna.

"Bari in huta. In rana ta yi sanyi ma tafi."

"Rana ba za ta yi sanyi ba, Inna!" Muryar Auta ta fi yadda ta yi niyya. "Tun safe nake zirga-zirga kamar mahaukaciya. In ba za ki tafi ba ki faɗa mini, in mayar miki da tukwanenki, ki zauna har su zo da motar rusau su same ki a kan kujerar nan."

Inna ba ta ɗago ba. Ta shafa gwiwarta, ta ce a hankali, "A ɗakin can na haife ki. Ba a kai ga asibiti ba."

Auta ta ja da baya. Ta jingina da bango, makullin yana cizon tafin hannunta. Tana son ta ba da haƙuri, tana kuma son ta sungumi tsohuwar da kujerarta ta sa a mota. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Suna haka aka yi sallama. Sista ce, cikin fararen kayan aiki, jaka a kafaɗa, goshinta duk zufa. Da ta ga shiru, ta tambayi yaran Auta kwatance ta tako da ƙafa.

"Sannu da gida, Inna. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Daga asibiti aka aiko ki?"

"A'a, can zan tafi. Maƙwabciyar Auta ce ni. Motar na zo karɓa, lokacina ya shiga."

Inna ta dubi Sista, ta dubi Auta. "Wace motar?"

"Na sha faɗa miki, Inna, ba tamu kaɗai ba ce. Mu huɗu ne."

"Na zaci irin maganarku ce ta 'yan zamani, don kada a ce kun yi arziki." Ta juya ga Sista. "Yanzu marasa lafiya suna can suna jiranki?"

"Wadda zan karɓi aiki a hannunta tun asuba take tsaye, ba za ta tafi ba sai na je."

Inna ta dafa bango ta miƙe. "Auta, ashe ba ki da hankali? Kin bar 'yar mutane ta tako rana, ke kina nan kina surutu? Miƙo mini mayafina."

Auta ta buɗe baki, Sista ta taka mata ƙafa. Ta rufe.

Inna ta ja ƙofar gidan da kanta, ta sa kwaɗo, ta miƙa wa maƙwabciya makullin ta ba mai gida. Ba ta waiwaya ba. Sista ta karɓi tuƙi, Inna a gaba, Auta a baya, a matse tsakanin akwati da bokiti, 'yar kujerar a kan cinyarta.

"Asibitin za mu fara zuwa," in ji Sista. "In na tsaya sauke ku na makara ƙwarai. Ku tafi da motar, Auta, da yamma ki zo ki ɗauke ni."

Sista ba ta tuƙi irin na Auta. Ta bi ta wasu lunguna, ta kauce wa danja, tana danna hon tana ba masu tafiya haƙuri ta taga. Inna ta riƙe ƙofa da hannu bibbiyu.

"'Yar nan, so kike ki kai mu a matsayin marasa lafiya?"

Sista ta yi dariya, ta ɗan sassauta. Inna ta fara leƙe. Ta tambayi ina gidan burodin da yake wancan kwanar, aka ce ya daɗe da tashi. Ta tambayi yaushe aka yi wannan gadar. Duk abin da ta nuna sai a ce ya canza, har ta daina tambaya, ta ci gaba da kallo kawai.

A ƙofar asibiti Sista ta fice da gudu, ta bar motar a kunne. Auta ta zagayo ta zauna a gaba. Ta ja motar, da suka ɗan yi nisa ta dubi Inna.

"Inna, ki yafe mini abin da na faɗa."

"Kalli hanya," in ji Inna. Can kuma ta ce, "Halin ubanki ne. Shi ma in yana sauri ba ya sanin abin da bakinsa ke yi."

Da suka isa, Inna ta ƙi fita nan da nan. Ta zauna tana kallon benen, da shanyar da ke rataye a baranda, da yaran da ke leƙowa. Baba Tela ya fito da tef a wuya, ya gaishe ta da girmamawa, ya ce tun safe tukwanenta suke tare masa ƙofa, ya ga alamar mai su ta san girki. Inna ta ce da dai, yanzu gwiwa ta hana. Ya buɗe mata ƙofa, jikokinta suka kama hannunta, suka hau da ita a hankali, tana hutawa a kowane mataki.

Ɗakin bai yi mata ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce a juya gadon. Aka juya, ta ce a mayar. Ta zauna, ta tashi, ta je taga, ta dawo. Ta buɗe akwati ta rufe. Abincin da aka kawo mata ta ɗan taɓa ta ture. Auta tana kicin tana neman inda za ta cusa tukwane, tana jin takun ƙafar nan mai ɗingishi daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa ɗaki, ita ma ta kasa zama.

Da rana ta yi sanyi Auta ta ɗauki jakarta za ta je ɗauko Sista. Tana buɗe ƙofa ta ga Inna a bayanta, ta yafa mayafi, takalmi a ƙafa.

"Ina kuma za ki, Inna? Matakalar nan fa ba wasa ba ce."

"Zaman ɗakin nan ya ishe ni. Mu je in ga inda aka kai gidan burodin."

"An ce miki ya tashi."

"To ai wani wuri ya koma. Wuce gaba, ki riƙe ni."

Auta ta miƙa mata hannu, suka fara sauka.