Hoton Pichai Mai Guga

"Ka je wurin daraktan nan ka karɓo mana hoton," in ji Sornam. "Mai buga fasta ya ce ba ya taɓa aiki sai da hoto."

Tana zaune a ƙasa kusa da gawar mijinta Pichai, gashi a warware. An ɗaure masa manyan yatsun ƙafa, an rataya masa furanni, fitila na ci a wajen kansa. A waje makaɗa suna gasa gangunansu a wutar kwali. A layinmu ba a yarda mutum ya mutu ba sai an ga fuskarsa a bango, da zanen idanu biyu masu zubar da hawaye a gefe. Hoton Pichai guda ɗaya ne a duniya, kuma kowa ya san ni na kai shi wurin masu fim.

"Yanzu kuwa, Yaya," na ce.

Sunana Dhanapal. Shekara goma sha tara ina liƙa fastocin fim a Kodambakkam, unguwar masu shirya fim, ban taɓa taka ƙofar sutudiyo ba. Ta taga ake miƙo mini su, in ɗauki bokitin gam in hau keke. Amma in na zauna a bencin Basha mai shayi, bakina ba shi da birki.

Pichai maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Fim ya kawo shi birni daga wani ƙauye can wajen Madurai, ya ƙare da dutsen guga na gawayi a kan amalanke. Bara aka ji ana shirya fim a kan irinmu, masu guga da 'yan dako da masu shara, wai ma'aikatan gaske ake nema. Washegari ya tare ni da ambulan a hannu, hotonsa a ciki.

"Ƙanena, kai da ka san su. Ba sai na yi magana a fim ɗin ba. Ko a baya ne, in tsaya ina gugata, mutanen ƙauyenmu su gani."

"An gama, Yaya Pichai. Ai da daraktan muke raba sigari."

Na kawo ambulan gida na tura ƙarƙashin gwangwanin fulawar da nake dama gam da ita.

Ya ce a bayan hoton ya rubuta lambar wayar shagon Basha. Saboda haka ya janye amalankensa daga inuwar darbejiya ya kafa shi cikin rana, daidai inda zai ji ƙarar waya. Da ta yi ƙara sai ya ɗaga kai, dutsen na hannunsa. Har rigar wani lauya ya taɓa ƙonawa.

"Jarumi, wayarka ce!" haka direbobin keke mai ƙafa uku suke masa ihu. "Kar ka manta da mu in ka sayi mota!"

Shi ma dariya yake yi. Tawa dariyar ta fi ta kowa ƙarfi, wannan ne abin da ya fi cina yanzu.

Makonni uku da suka wuce fim ɗin ya fito, kuma ni na liƙa fastarsa a bangon da ke fuskantar shagon. Pichai ya daɗe yana kallon jarumin da aka ba dutsen guga.

"Dubi yadda ya riƙe shi, kamar buta," ya ce. "Wannan ko hankici ba zai goge ba."

"Sun ce sai a kashi na biyu za su sa ka."

Tari ya sarƙe shi, ya dafa amalanken har ya lafa. "To ka ce musu su ɗan hanzarta, ƙanena."

Bai ƙara fitowa daga gida ba. Ta bango nake jin tarinsa, ina jin yana tambayar Sornam ko an bugo. Sau biyu na kai hannu ƙofarsu in faɗa masa gaskiya, sau biyun na tambayi jiki na fito.

Ranar da ya mutu kuwa, bayan na amsa wa Sornam, sai na hau keke na yi ta zagaye unguwa har awa guda, don a ce na yi nisa. Na shigo ɗakina ta baya, na zaro ambulan, na kaɗe fulawar, na kai mata ina haki.

Ta juya shi a hannunta. Sai a lokacin na ga abin da na manta. Bakin ambulan yana liƙe da ƙwayoyin dafaffiyar shinkafa guda uku, sun bushe sun yi rawaya.

"Ni na liƙe shi," ta ce a hankali.

Basha ya leƙo ta kafaɗata.

"Au, daraktan ko buɗewa bai yi ba?"

Sornam ta dube ni. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Manya ne, aiki ya yi musu yawa," ta ce. Ta ciro tsinke daga bakin zanenta ta farke ambulan. Ga Pichai da farar riga, ya sha hoda, gashi ya kwanta da man kwakwa, yana murmushin da ya gwada a madubi. Ta shafa fuskar da yatsa ta miƙo mini. "Je ka. Kuma ka liƙa shi a miƙe, ba ya son abu a karkace."

Fasta arba'in aka buga, na liƙa su kafin a fito da gawar. Ta ƙarshe na sa ta a bangon da ke fuskantar shagon Basha, kafaɗa da kafaɗa da jarumin nan mai riƙe dutse kamar buta. Ina cikin shafe ta da tafin hannu don kar ta tattare, wayar shagon ta yi ƙara. Duk mutanen bencin suka waiwaya wajen amalanken. Yana nan cikin rana inda ya bar shi, dutsen gugar a kife, da tokar gawayi a gefensa.