Kan Sarki a Jikin Ƙirya

Iya Gumsu ba ta taɓa aika wasiƙa ba a rayuwarta, amma ranar da 'yarta Adila, mai aiki a gidan waya na Haɗejia, ta kawo mata sababbin kan sarki, sai da ta wanke hannu kafin ta karɓa. Hotunan itatuwan da aka hana sarewa ne a jiki: maɗaci, giginya, sai ƙirya. Ƙiryar nan kuwa tata ce, ta bakin gonar marigayi mijinta a hanyar Baturiya, wadda wani mai hoto ya ɗauka bara waccan.

Ƙiryar ita kaɗai ta rage a yankin, masu gawayi sun cinye sauran. Da 'ya'yan itacen Iya ke yin daddawar da babu irinta. Ga shi ɗanta Badamasi, da gonar ta koma hannunsa, ya gama magana da Sa'idu mai gawayi a sare ta, wai inuwa tana kashe masa gero. Ta yi faɗa, ta yi lallashi. Yaron nan sai ya ce "to Iya", irin ta wanda ba zai fasa ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Sai dabara ta faɗo mata. Ta sha ganin takardar cinikin gona ba ta ƙarfi sai an manna mata kan sarki. To in takarda ma tana tsayuwa da shi, ina ga itace? Ta jiƙa ƙaro, ta tafi gona da sassafe, ta lilliƙa kan sarkin a jikin ƙiryar, ta shimfiɗa tabarma ta zauna.

Da hantsi sai ga Badamasi da Sa'idu da injin yanka. Sa'idu ya duba, ya kece da dariya.

"Iya, ina za ki aika ta? Kano ko Legas?"

"Hukuma ta sa mata hannu," in ji ta. "Taɓa ka gani."

Kunya ta kama Badamasi. Ya matsa zai ɓamɓare su, sai hannunsa ya tsaya. A cikin ɗan hoton, can tsakanin rassa, ga wani abu baƙi kamar ƙwayar gero. Amyar babansa ce, wadda tsohon ya saƙa ya ɗora wa ƙudan zuma kafin ya kwanta ciwo. Ya ɗaga kai. Reshen na nan, amya babu, iskar daminar bara ta yar da ita, shi ko lura bai yi ba.

Ya daɗe a tsaye. Sa'idu ya gaji, ya ce, "Malam, mu fara?"

Badamasi bai waiwaye shi ba. Ya danna gefen kan sarkin da ya fara ɗagowa da babban yatsa, ya ce, "Iya, igiyar da Baba ke hawa da ita ya ɗora amya, tana nan?"