Murmushin da Sashe na Tara Ya Nema

Dokar kuɗin intanet ta fara aiki ne bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam, tsohon ma'aikacin gidan waya. Sashe na tara ya tanadi cewa duk mai irin wannan kuɗi ya nuna fuskarsa ta kyamarar waya kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a rufe asusunsa sai kotu ta buɗe. A wannan asusu Malam ya zuba kuɗin sallamarsa, daga nan kuma matarsa ke sayen magani.

Ranar ƙarshe matar ta jingina shi da matashi kusa da taga, ta kira ƙaninta ya riƙe wayar.

Wayar ta ce ya ƙifta ido, ya ƙifta. Ta ce ya juya kai, ya juya. Sai ta ce ya yi murmushi. Gefen dama na bakinsa ya ɗaga, na hagu ya ƙi motsi. Allon ya yi ja, ya rubuta cewa saura dama ɗaya.

"Yaya, ai mijinki ko da lafiyarsa murmushin nan tsada yake," in ji ƙanin. "Ranar ɗaurin aurenku ma sai da muka roƙa."

"Kai dai riƙe waya. Yau ba ranar surutunka ba ce."

Ta tuna maganin da ya rage a kwalba ba zai kai mako ba. Ta durƙusa gefen gado inda kyamara ba ta gani, ta sa ɗan yatsa ƙarƙashin kumatunsa na hagu, ta tura sama a hankali. Bakin ya daidaita.

"Danna yanzu," ta ce.

Malam ya kai hannunsa mai lafiya ya sauke nata. Maganarsa ta fito a karkace, amma sun ji.

"Fuskata suka nema. Ita zan ba su."

"Haba Malam! Maganinka fa?"

Malam ya dubi wayar. Ƙanin ya kalli yayarsa, sa'an nan ya danna. Malam ya yi murmushi iyakar ƙarfinsa, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Allon ya sake yin ja.

Matar ta miƙe ta goge masa gumin da gefen zanenta.

"Ƙarfe nawa ake buɗe kotu?" ta tambayi ƙaninta. "Ka nemo keken guragu. Mu kai shi, alƙali ya ga fuskar da idonsa."