Wushirya a Cikin Kaki

Saura kwana uku Auta ta cika wata uku a ɗakin haɗa haƙoran roba, amma har yau ba ta taɓa ganin fuskar mutum ɗaya da ta yi wa aiki ba. Baki kawai ake kawo mata. Kullum da safe mai babur zai hawo bene da 'yan akwatuna daga wurin likitocin haƙori, kowane akwati da lambarsa, a ciki akwai zubin bakin wani bawan Allah da farin siminti, da 'yar takardar da likita ya rubuta abin da ake so. Daga nan sai ta zauna da kaki irin na zuma da 'yar wuƙarta da ƙaramar fitila mai shuɗin harshe, ta jera haƙora ɗaya bayan ɗaya. Idan an gwada wa mai su a cikin kakin an ga sun zauna, sannan a dawo da su a zuba na dindindin.

To, ita Auta tun tana ƙarama ba a ajiye abu a rufe kusa da ita. Rediyon babanta ma sai da ta kwance shi don ta ga masu maganar. Shi ya sa waɗannan bakunan suka zame mata abin kallo. Ta ɗauki zubi ta jujjuya, ta ce a ranta wannan da hagu yake tauna, wannan kuwa cizon haƙora yake yi a barci, Allah ya ji ƙan matarsa. Tambayoyi fal cikinta, sai dai ba ta taɓa fitar da ko ɗaya ba. Ranar da za ta baro gida Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Auta, wannan bakin naki ki yi masa linzami. Ƙasar mutane za ki. Babba in ya sa ki aiki, ki yi, kar ki dame shi da me ya sa, me ya sa." Ta kuwa riƙe maganar gam.

Mai wurin wani dattijo ne da ma'aikata ke kira Mai Tabarau, don tabarau biyu yake sawa, ɗaya a ido, ɗaya a goshi. Magana a wurinsa sai ka ce da kuɗi yake sayenta. Ya zo ya tsaya a bayanta, ya duba aikin, ya yi gyaran murya, ya wuce. Ba yabo, ba faɗa. Kuma shi ne zai sa hannu a takardar ɗaukarta aiki in watannin gwaji sun cika. In bai sa ba, izinin zamanta a ƙasar ya ƙare, sai haɗa jaka. Wannan kuwa yana cin ta, don ta riga ta fara son wurin. Tana son tagar da ke kallon tashar bas, da ɗakinta mai gado ɗaya da tukunya biyu, har da ƙaurin kakin da ke bin ta gida a gashi.

A kan tagar Mai Tabarau akwai wata kwalba da ruwa, a ciki haƙoran roba ne na sama, manya, farare tas, kamar na doki. Ba wanda yake taɓa su. Kullum Auta sai ta saci kallon kwalbar nan ta haɗiye tambayarta.

Akwati mai lamba arba'in da bakwai shi ya jawo magana. Bakin wata tsohuwa ne, sama babu haƙori ko ɗaya, ƙasa kuma saura 'yan kaɗan. A ɗaya daga cikin na ƙasan akwai wani ɗan tsagi, Auta na gani ta ce tela ce, zare take yankewa da haƙori. Ƙarƙashin takardar likita kuma sai ga wani tsohon hoto. Wata budurwa ce tana dariya, ta ɗago hannu kamar za ta rufe baki amma mai hoto ya riga ta. Auta ta kai hoton gaban taga, sai da ta ce, "Tubarkalla!" Wushirya ce, irin wadda ake juyowa a sake kallo, tsaf a tsakiya, ba ta yi faɗi ba, ba ta matse ba. Irin ta Inna sak, wadda ita ma Auta ta gado.

A takardar, likita ya yi alama a gurbin da ke cewa a jera haƙora a haɗe. Ta gani sarai. Amma ta ce ai sabo ne, hannunsa ya saba zuwa wannan gurbin. Wane mai hankali ne zai aiko hoton wushirya irin wannan sannan ya ce a toshe ta? Kwana biyu ta yi a kan haƙoran gaba guda biyu, tana ɗumama kaki, tana matsarwa, tana komawa ga hoton, har sai da bakin simintin ya yi mata irin dariyar budurwar. Doguwa, wadda ke zama a teburin kusa da ita, ta leƙo ta ce, "Kin tabbata?" Auta ta ce ta tabbata. Doguwar nan dama ita ce a makon farko ta ja ta gefe cikin tausayi ta ce mata ma'aikata suna da rangwame, in tana so a gyara mata nata haƙoran. Auta ta yi godiya, ta tafi gida tana mamakin abin da ya lalace a bakinta.

Ranar Laraba da hantsi waya ta yi ƙara. Mai Tabarau ya ɗauka, ya daɗe yana saurare, muryar likita na fitowa har teburin Auta. Da ya ajiye, ya sauko da tabarau na goshi ya dube ta.

"Sabuwa, arba'in da bakwai naki ne?"

"Nawa ne, maigida."

"Hoton, tsohuwar cewa ta yi a nuna mana abin da ba ta so. Tana can ta ƙi tashi daga kujera, ta ce sai ta ga wanda ya yi mata wannan wulaƙancin."

 A ranta Auta ta ga jakarta a buɗe a kan gado, ta ga fuskar yayarta a filin jirgi tana cewa ba komai, alhali da komai.

"Ɗauki wuƙarki da fitila," in ji shi. "Bas mai tsayawa a gaban kantin magani, tasha ta huɗu. Ke kika buɗe, ke za ki rufe."

A ɗakin likita ta tarar da tsohuwar a kishingiɗe, 'yar ƙarama da ita, gashinta fari fat an naɗe shi tsaf ko sili ɗaya bai fita ba. Haƙoran suna cikin ɗan faranti a gefe. Duk da tsoron da take ciki, abin da ya fara zuwa wa Auta shi ne, ashe haka fuskar take. Ta san kowane lungu na bakin nan, amma ba ta zaci idanun za su yi kaifi haka ba.

"Ke ce?" in ji tsohuwar, maganarta na fita a lauye saboda rashin haƙora. "'Yar nan, me na yi miki? Tun ina aji ɗaya yara ke ce min ƙofa a buɗe. Shekara sittin da wani abu ina dariya da hannu a baki. Da haƙoran suka zube har wani daɗi na ji, na ce to yanzu zan sayi irin na mutane. Sai ki dawo min da ita?"

"Ki yi haƙuri, Mama. Laifina ne, ba na likita ba. Na ga takardar, na bi son raina."

Tsohuwar ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta tsaya. Ta ɗan ɗago daga kujerar tana leƙen bakin Auta.

"Sake magana."

"Na'am?"

"Ikon Allah. Ke ma da ita! A wurin haƙora kike aiki, kuma ba su gyara miki ba?"

Auta ba ta san sanda linzamin ya kwance ba. Ta ce, "Mama, a wurinmu ba a gyara ta, nema ake yi. Babana har gobe cewa yake wushiryar Inna ya aura, sauran gyara aka yi masa. Yayata kuwa da ba ta samu ba, tsinken tsintsiya take cusawa tsakanin haƙora ta kwana da shi, wai ko za su buɗe. Har dasashinta ya kumbura aka kai ta asibiti."

Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya, hannu ya tafi baki da kansa. "Tsinke? Don ta samu wannan?"

"Wallahi. Har yau tana jin haushina."

"To ni dai a rufe min."

"Yanzu kuwa, Mama."

Ta kunna fitila, ta ɗumama wuƙa, ta tausasa kakin, ta matso da haƙoran biyu suka haɗu. Aikin kwana biyu ya tafi a minti biyar, kuma ya yi mata ciwo. Tana cikin shafe kakin ta ce, "Mama, in tambaye ki? Ɗinki kike yi, ko? Na ga tsagi a haƙorinki na ƙasa."

"Ɗinki? Ko maɓalli ban iya sawa ba. Gyaran gashi na yi shekara arba'in. Fil ɗin gashi nake buɗewa da shi." Ta dube ta da kyau. "Wato har wannan kina gani a siminti?"

Likita ya sa mata haƙoran, ya miƙa mata madubi. Tsohuwar ta yi murmushi, ta juya dama, ta juya hagu. Haƙora sun jeru reras, ba abin da za a ce. 

"Sun yi kyau," in ji ta. Ta ƙara dubawa. "Sun yi kyau ƙwarai. Amma wace ce wannan? Kamar matar da ke jikin kwalin man goge baki."

Likita ya ce sabo ne, kwana biyu za ta saba. Ba ta ko kalle shi ba.

"'Yar nan, ɗan buɗe min su. Kaɗan fa."

"Kamar yaya, Mama?"

Ta kai hannu ƙeya ta zaro fil ɗaya daga gashinta. "Yadda wannan zai wuce."

Auta ta buɗe. Tsohuwar ta ce ya yi yawa. Ta matse, ta ce a'a, yanzu kuma ya ɓace. Sau biyar ana cirewa ana mayarwa, likita na duba agogo, masu jira a waje na gyaran murya. A na shida fil ya wuce da ƙyar, tsohuwar ta daɗe tana kallon madubi, ta yi dariya, hannun ya taso ya kai rabin hanya, sai ta mayar da shi kan cinya.

"Yauwa. Wannan na san ta," in ji ta. "Ki gaida yayarki. Ki ce mata in tana so, da a kyauta zan ba ta tawa."

A bas Auta ta rungume akwatin tana lissafin abin da za ta ce. Ta san tsohuwa ta huce, amma wannan bai goge cewa ta karanta umarni ta tsallake shi ba. Ta tarar da Mai Tabarau shi kaɗai, sauran sun fita cin abinci. Ya buɗe akwatin, ya sauko da tabarau na biyu, ya daɗe a kan haƙoran gaba.

"Ba ki rufe ba."

"Na rufe, maigida. Ita ta ce a buɗe. Faɗin fil ɗin gashi."

Ya ɗauki biro ya rubuta a takardar likita, faɗin fil ɗin gashi, kamar wani awo ne da aka sani tun da. Sannan ya ce, "Hannunki ya fi na duk wanda ke ɗakin nan, wannan tun makon farko na gani. Amma wata uku ina jiran tambaya ɗaya daga bakinki. Hoto ya ce wani abu, takarda ta ce wani, ga ni zaune taku huɗu daga teburinki. Na ɗauka kina ganin kin fi ƙarfin tambaya ne. Mutum irin haka ba na iya riƙe shi."

 Ashe ladabin da Auta take ta tattali shi ke neman korar ta.

"Maigida, cewa aka yi kar in dami babba da tambaya. Amma wallahi cikina kamar ya fashe."

"To fasa."

Ta nuna taga tun kafin ta yi shawara da zuciyarta. "Haƙoran cikin kwalbar can, na wane ne?"

Karo na farko ta ga dattijon ya yi dariya, ashe shi ma haƙoransa a karkace suke.

"Aikina na farko a ƙasar nan. Mai su ya dawo da su ya ce shi ba doki ba ne. Ni ma baƙo ne a lokacin, ba na jin rabin abin da ake faɗa, kuma kunya ta hana ni in ce a maimaita. A ranar aka sallame ni." Ya jawo aljihun tebur, ya fito da takardar da ta yi wata uku tana mafarkinta, ya sa hannu, ya tura mata. "Saura nawa, tambayoyin?"

Auta ta riƙe takardar da hannu biyu, idonta ya ciko. "Suna da yawa, maigida."

"Ɗaya kullum," in ji shi. "Ta yau ta ƙare. Ga arba'in da takwas can yana jiranki."