Jan Tabo a Dandamalin Yasuhiro

Tun ranar da Tsuneko ta tare a gidan ɗanta Yasuhiro a birnin Hamamatsu take yi wa dandamalin lambunsa kallon hadarin kaji. Wai katako ne, alhali garin katako aka cuɗa da roba. Barandar gidansu na ƙauye da dusar shinkafa ta yi ta goge ta, har mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Wannan kuwa da ta gwada masa dusa, sai ta maƙale a tsagoginsa ta yi fumfuna.

"Inna, ki huta," in ji Yasuhiro. "Ba ya ruɓewa, ba ya tsufa, ba ya bukatar kulawa."

"To, ka dace. Ka samu abin da ya fi ni."

Da ruwan sama ya ɗauke, ta baza ume ɗinta, wasu 'ya'yan itace masu tsami da ta jiƙa da gishiri, a faifai, ta ɗora a kan dandamalin su sha rana. Jan ruwansu ya tsiyaye ta faifai, ya zauna daram a jikin dandamalin.

Ranar Lahadi sai ga mai katakon da ba ya bukatar kulawa a durƙushe, da buroshi da ruwan sabulu, yana gurza yana gumi. Tabon ko gezau.

"Inna, ai da kin shimfiɗa wani abu a ƙarƙashi."

Tsuneko ta kurɓi shayinta, ta ƙare wa tabon kallo.

"Bar shi haka. Tun da na zo, sai yau na ga alamar akwai mutane a gidan nan."