Ƙyallen da ke Ƙarƙashin Kujerar Don Fulgencio

Kwana tara ke nan Don Fulgencio Almánzar bai yi barcin kirki ba. Duk unguwar ta san dalili, duk unguwar ta ba da shawara, amma ba a samu mutum ɗaya da ya yi abin da ya kamata ba.

Zuciyarsa ce ta yi rauni tun bara. In ya miƙe a gado sai numfashi ya sarƙe, in ya zauna a kujerar katako sai ƙafafu su kumbura kamar an hura su. Likita ya ce sai dai a kishingiɗe, baya a jingine, ƙafa a sama. Abin da ke ba shi wannan hutun shi ne kujerar nan mai ruwan ƙasa da ƙaninsa Eladio ya aiko masa daga Nuyok, can ƙasar waje, shekara shida da suka wuce, wadda in aka ja hannun gefenta sai bayanta ya kwanta, matakin ƙafa ya ɗago. Ranar Lahadin makon jiya ya ja, aka ji ƙas, hannun ya saki. Tun daga nan kujerar ta tsaya ƙiƙam.

'Yarsa Yanelis tana aikin gashin ƙashi a wani asibiti a Santiago. Ranar Talata ta samu hutu, ta hau mota ta zo gida Moca. Tana shiga falo ta ga uban a zaune, idanu sun faɗa, ƙafafunsa a kan akwatin lemo, hannun kujerar kuwa an naɗe shi da wayar rataye kaya. Kawu Nicanor, yayan uwarta, yana gefe yana shan gahawa yana kallon aikinsa da alfahari.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Gyara ne, likita." Haka yake kiranta in yana so ya tuna mata cewa karatu ba wayo ba ne.

"Akwatin lemo ne gyaran?"

"Ƙafar ta ɗagu ko ba ta ɗagu ba?"

"Bayan fa? Ya kwanta?"

"Ke dai komai sai kin bi shi har gindi. A lallaɓa mana, 'yar nan."

A lallaɓa. Da wannan kalma aka raine ta. Famfon tsakar gida shekara huɗu yana ɗiga a cikin bokiti, ana lallaɓawa. Ramin bakin titi ya cinye tayar babur ba adadi, aka kafa masa reshen ayaba don a riƙa kaucewa, aka ce an gyara. Yanzu kuma ga numfashin mutum, shi ma an ɗaure shi da waya an ɗora a kan akwatin lemo, manyan mutane masu gemu suna jiran a yaba musu.

Ta kira Mireya, 'yar Baffa Eladio, wadda za ta taso daga Nuyok ranar Asabar.

"Abu mai sauƙi," in ji Mireya. "Akwai shago a nan kusa da mu. Amma sai da lamba. Kujerun nan iri-iri ne, ƙarfen wannan ba ya shiga waccan. Ki leƙa ƙarƙashin matakin ƙafa, akwai wani farin ƙyalle mai rubutu, ki turo min hotonsa. Kada ya wuce gobe, don sai sun aika ma'ajiyarsu an kawo."

Aka ɗaga tsohon aka mayar da shi kujerar katako. Yanelis ta fara zare ledar da aka lulluɓe kujerar da ita, uwarta Doña Casilda ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Kada ki yaga min leda! Kin san wahalar da na sha kafin ta zauna haka?"

"Mama, ledar ce ba ta da lafiya ko Baba?"

Ta kifar da kujerar, ta haska da wayarta. Ba ƙyalle. Sai ƙananan ƙusoshi huɗu da ɗan zare fari yana lilo a jikin ɗaya.

"Wa ya taɓa ƙarƙashin nan?"

"Ba wanda ya taɓa. Sai dai Maestro Evaristo mai gyaran kujeru da ya sake mata riga kafin Kirsimeti. Ai ta koɗe, baƙi na zuwa."

Ɗan acaɓa ya sauke ta a bayan kasuwa. Shagon Evaristo cike yake da soso da ƙurar katako, shi kuma yana zaune a kan wata tsirarar kujera, ƙusoshi a baki. Da ya ji abin da ya kawo ta, ko a jikinsa. Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu, ya jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Fararen ƙyallaye ne sun fi talatin, an jera su tsaf kamar katin ɗaurin aure.

"Zaɓi ɗaya, 'yar Don Fulgencio. Duk Turanci ne."



"Maestro, ba ado nake nema ba. Lambar da ke jikin namu ita ce za ta nuna ƙarfen da za a sayo."

"Lamba! Ni shekara talatin ina aikin nan ban taɓa karanta ko ɗaya ba."

"To me kake yi da su?"

Ya yi dariya, irin ta wanda yaro ya tambaye shi abin da kowa ya sani.

"Mutanen garin nan ba kujera suke saye ba, ƙyalle suke saye. In na ƙera kujera da hannuna, katako mai kyau, soso mai kyau, sai su taɓa su taɓe baki. In na buga mata wannan a ƙasa, sai ki ji ana cewa kayan can daban ne. Wadda aka kawo min gyara kuwa, kowa ya riga ya san daga can take, me za ta yi da ƙyalle? Ba wanda na cuta."

"Ubana kwana tara yana gyangyaɗi a zaune."

Ya sosa ƙeya. Ya ce Allah ya ba shi lafiya. Ya ce akwai wani ganye da ake dafawa.

Yanelis ta zazzage gwangwanin a kan tebur, ta bi ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ta rasa yadda za ta gane nasu.

"Ba ya nan," Evaristo ya ce a hankali. "Naku ina tune da shi, don ya ba ni wahala. Akwai rubutun biro a gefensa, sai da na naɗe gefen ciki. Yana gidan Doña Perpetua, matar mai kantin magani. Amma don Allah kada ki ce ni na faɗa."

Ta tarar da Doña Perpetua a falo da mata uku na kwamitin coci, ana gahawar la'asar da ɗan burodi. Kujerar tana tsakiyar ɗaki, ja, cikin leda, ba mai zama a kanta. Duk Moca ta san labarinta: surukin Doña Perpetua ne ya aiko ta daga Boston, can ƙasar waje, ta jirgin ruwa, wata biyu tana hanya.

Yanelis ta gaida kowa yadda ya kamata. Ta sunkuya kusa da matar gidan ta ce da ƙaramar murya ko za su ɗan keɓe.

"Faɗi a nan, 'yata, duk iyayenki ne."

"Ina so in leƙa ƙarƙashin kujerarki ne, Doña. Minti ɗaya."

"Leƙa mana, ki ga aiki! Ba irin tarkacen da ake haɗawa a nan ba ne. Har takardarta tana jiki."

Wannan shi ne abin da ya fi ba Yanelis haushi daga baya in ta tuna. Matar ta san inda ta sayi kujerarta, ta san wanda ya kawo ta a bayan a-kori-kura, amma ta maimaita Boston har ita kanta ta yarda.

Yanelis ta durƙusa ta ja hannun, matakin ya ɗago da ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ga ƙyallen. Ta sa farce ta warware gefen da aka naɗe. Rubutun Baffa Eladio ne, mai karkata, wanda ya yi don kada masu jigila su ɓatar da kayan: F. Almánzar, Moca.

Ta ɗauki hoto sau uku.

Doña Eulogia, ɗaya daga cikin matan, wadda ta fi kowa tsufa kuma ba ta taɓa barin abu ya wuce ta, ta riga ta sunkuyo da tabarau a kan hanci. Ta karanta a fili, sannu a hankali. Ta koma ta ɗauki kofinta.

"Ashe Boston ɗin a bayan kasuwa take," ta ce. "Da na sani ai da na leƙa jiya da na je sayen kifi."

"Ke yarinyar nan ba ki da kunya!" in ji Doña Perpetua. "A gidana? A gaban mutane?"

"Na nemi mu keɓe, Doña. Ki riƙe ƙyallen, lambar kawai nake so."

Tun kafin ta kai bakin ƙofa hoton ya isa Nuyok.

Ranar Asabar da rana Mireya ta iso da jakunkuna uku na tsaraba. Abin da ake jira yana cikin wata 'yar leda da ba ta kai tafin hannu biyu ba: waya mai kan ƙugiya, sifirin ɗaya, da sabon hannu. Yanelis ta kwance wayar Kawu Nicanor ta miƙa masa. Cikin minti ashirin komai ya shiga mazauninsa, ba duka, ba lanƙwasa.

"Ai tun farko na ce waya ce," in ji Kawu.

Kafin a tayar da kujerar Yanelis ta ɗauki ƙusa ta kankara lambar a jikin ƙarfen, baƙi bayan baƙi, inda ba almakashin da zai kai.

Don Fulgencio ya zauna, ya ja hannun da ɗari-ɗari. Bayan kujerar ya kwanta, ƙafafun suka tashi. Ya sauke wani dogon numfashi, ya fara tambayar Mireya lafiyar ƙaninsa, bai kai ƙarshen tambayar ba bakinsa ya saki. Rana tsaka, ga rediyon maƙwabta, ga ihun mai sayar da ayaba a titi, ko motsi bai yi ba.

Doña Casilda ta jawo 'yarta gefe tana raɗa.

"Perpetua ta gan ni a kasuwa ta ɗauke kai. Kin jawo mana. Kuma yanzu tamu ce ba ta da ƙyalle, wa zai yarda daga can take? Ki ce wa Evaristo ya buga mana wani, ko wanne ne."

Yanelis ta dubi uwar, ta dubi ƙirjin uban yana hawa yana sauka a hankali.

"Mama," ta ce, "rage murya. Baba yana barci."